Finafinan zombi da suka cancanci kallo: daga gonakin rake na Haiti zuwa jirgin Busan

Duk wanda ya tsaya a rumfar masu tura finafinai a waya, ko a Maraɗi ko a Garwa ko a Njamena, ya ce a zuba masa na ban tsoro, da wuya ya tafi babu fim ɗin zombi ko guda a cikin katinsa. Su ne finafinan nan da ake ganin gawawwaki sun miƙe suna tangaɗi, suna bin masu rai da cizo, wanda suka ciza kuma shi ma ya koma irinsu. An yi ɗaruruwansu, kuma gaskiyar magana ita ce mafi yawansu ɓata lokaci ne da ɓata kuɗi: jini, ihu, harbe-harbe, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Sai dai a cikin tarin akwai ƴan kaɗan da suka cancanci mutum ya zauna ya kalle su da natsuwa, har ya kwana yana tunaninsu.

Ma'aunin da na bi wajen zaɓe guda ɗaya ne. Gawar da ke cikin waɗannan finafinai halinta ba ya canzawa, cizo kawai ta sani. Abin da ke bambanta fim mai kyau da maras kyau shi ne abin da masu rai ke yi wa junansu idan tsoro ya kama su: wa ake buɗe wa ƙofa, wa ake rufe wa, wa ake ɗora wa laifin kawo masifar. Mu da muke zaune a tsallaken iyakoki, muka ga yadda ake wayar gari a tarar an rufe hanya, muka kuma san yadda ake fara kallon baƙo idan cuta ta ɓulla a gari, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan waɗannan tambayoyi. Da yake da yawa daga cikin masu karatunmu suna samun finafinan ne a fassarar Faransanci, zan riƙa ambata sunan da aka san kowane da shi a Faransanci idan ya bambanta da na asali.

Asalin zombi bawa ne

Kafin Hollywood ta san wannan kalma, mutanen Haiti sun daɗe da ita. Masana harshe suna danganta ta da harsunan yankin Kongo da Angola, inda ake da kalmomi masu kama da ita da ke nufin ruhun mamaci ko abin bauta. Bayin da aka kwasa daga can zuwa gonakin rake na Saint-Domingue, wato sunan Haiti lokacin mulkin Faransa kafin ƴancin 1804, su suka tafi da ita. A wurin bawan da ke yanka rake tun asuba har dare, mutuwa ce kaɗai ƙofar hutu, domin sun yi imani cewa ran mamaci yana komawa Gine, wato Afirka. Zombi shi ne wanda aka hana wa wannan hutun. A camfin Haiti, wani boka da suke kira bokor yana tono mutum bayan an binne shi, ya riƙe wani ɓangare na ransa, ya mai da gangar jikin ɗan ƙwadago maras magana, maras albashi. An ce ba a ba shi abinci mai gishiri, domin da zarar ya ɗanɗana gishiri hankalinsa zai dawo.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, wanda ya taso da labarin maye mai kama kurwa. Masu karatunmu na Kamaru kuwa sun san zancen nyongo da famla, inda ake cewa wasu masu kuɗi suna sayar da ƴan uwansu su je su yi musu aiki a gonakin ɓoye a dutsen Kupe bayan an ɗauka sun mutu. A duka wuraren, tambayar da ke ƙarƙashin camfin ɗaya ce: da gumin wa wane ya yi arziki?

Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, kuma a cikin waɗannan shekaru ne labarin ya tsallaka. Ɗan jarida William Seabrook ya rubuta littafi kan tsibirin a 1929, sai a 1932 aka yi White Zombie, wanda ake ɗauka a matsayin dogon fim na farko kan zombi, da Bela Lugosi a matsayin mugun boka. Fim ɗin ya tsufa, kuma kallon raini da yake yi wa mutanen Haiti a bayyane yake. Amma akwai wuri guda da ya isa dalilin nemansa: wani injin matse rake da zombi ke juyawa cikin dare, ɗayansu ya faɗa ciki, sauran suka ci gaba da juyawa ko waiwaye babu. Wanda yake son mafi kyawun fim na wancan zamani ya nemi I Walked with a Zombie na 1943, wanda Bafaranshe Jacques Tourneur ya ba da umarninsa, a Faransanci kuma ana kiransa Vaudou. Babu cizo a cikinsa, sai ganguna da iska a cikin rake, amma yana sa tsigar jiki ta tashi.

A Haiti maganar ta wuce tatsuniya, domin dokar hukunta laifuka ta ƙasar ta tanadi cewa duk wanda ya ba mutum wani abu da ya sumar da shi har aka binne shi a matsayin matacce, za a ɗauke shi a matsayin mai kisan kai. Labarin da ya fi shahara shi ne na Clairvius Narcisse, wanda asibiti ya tabbatar da mutuwarsa a 1962, aka binne shi, sannan a 1980 wani mutum ya bayyana a garinsu ya ce shi ne, an tono shi an sa shi aikin gona. Masanin tsirrai Wade Davis ya bi diddigin labarin, ya ce sirrin yana cikin wata hoda mai ɗauke da dafin wani kifi, ko da yake wasu masana kimiyya sun ƙi yarda da bayaninsa. Daga littafinsa aka yi The Serpent and the Rainbow a 1988, wato L'Emprise des ténèbres.

Romero da gidan da aka kewaye

Zombin da muka sani yau, mai cin naman mutane, an haife shi ne a 1968 a kusa da birnin Pittsburgh na Amurka. Wani matashi mai shirya tallace-tallacen talabijin, George Romero, shi da abokansa suka haɗa kuɗin da bai wuce dala 114,000 ba suka yi Night of the Living Dead, wato La Nuit des morts-vivants, fim maras kala. Abin mamaki, ba a ambaci kalmar zombi ko sau ɗaya a cikinsa ba. Sunan da aka kira gawawwakin da shi ya samo asali ne daga Larabci, wato gul, aljanin nan mai bin maƙabarta. Daga baya ne ƴan kallo da ƴan jarida suka laƙaba musu sunan zombi, ya kuma bi su.

Labarin gajere ne. Mutum bakwai da yawancinsu ba su san juna ba sun fake a wani gidan gona, matattu sun kewaye su. Maimakon su haɗa kai, sai gardama ta kaure tsakanin Ben, wanda yake so a toshe tagogi a zauna a sama, da Harry, magidanci mai mata da ƴa, wanda ya dage sai an shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa an kulle. Kowa yana da hujja, kowa kuma girman kai ya hana shi sauraron ɗan uwansa. Katakon da aka buga a ƙofa ya riƙe na tsawon lokaci. Abin da ya fara tsagewa shi ne zaman mutanen ciki, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ya fito a matsayin Ben shi ne Duane Jones, baƙar fata, malamin makaranta da ya yi karatu a Sorbonne, ya kuma taɓa zama a Nijar a ƙarƙashin wani shirin musayar masana. A Amurkar 1968, a ga baƙar fata yana ba Turawa umarni a fim, har yana ɗaga wa ɗayansu hannu, ba ƙaramin abu ba ne. Romero ya ce ya ɗauke shi ne kawai don ya fi kowa iya wasan. Amma a watan Afrilun shekarar aka kashe Martin Luther King, don haka lokacin da fim ɗin ya fito a watan Oktoba, babu wanda ya kalli ƙarshensa da ido ɗaya. Wanda ba ya son a faɗa masa ƙarshe ya tsallake jimla ta gaba. Ben ne kaɗai ya kai safiya da rai, kuma a cikin ɗakin nan na ƙasa da ya ƙi shiga da farko, sai ƴan sintiri fararen fata da suka zo ceto suka hango shi ta taga suka harbe shi ba tare da tambaya ba. Saboda wani kuskure da masu rarraba fim ɗin suka yi wajen sa alamar haƙƙin mallaka, ya zama na kowa, ana iya kallonsa kyauta a intanet ba tare da karya doka ba.

Bayan shekara goma, a 1978, Romero ya dawo da Dawn of the Dead, wanda a Faransa aka sani da Zombie. A nan mutum huɗu ne suka tsere a jirgi mai saukar ungulu suka sauka a kan rufin wani katafaren kanti. Suka kori matattun da ke ciki, suka toshe ƙofofi da manyan motoci, suka zauna cikin kayan da ba su taɓa mafarkin mallaka ba. Gawawwakin kuma suna ta taruwa a bakin gilashi, domin ko bayan mutuwa ƙafafunsu wurin sayayya suka sani. Fim ne mai ban dariya a wasu wurare, mai yawan jini a wasu, kuma abin da ya rusa zaman waɗanda suka rage a ƙarshe shi ne gungun ƴan fashi a kan babura da suka zo neman kayan. An sake yin sa a 2004 da sunan L'Armée des morts a Faransanci. Sabon ya fi sauri, tsohon ya fi ma'ana.

Lokacin da zombi ya koma annoba

Zombin Romero yana jan ƙafa ne, ko tsoho zai iya tsere masa. A 2002 daraktan Birtaniya Danny Boyle ya sa shi gudu a cikin 28 Days Later, wato 28 jours plus tard. Masu fafutukar kare dabbobi sun kutsa wani ɗakin gwaji suka saki birai masu ɗauke da ƙwayar cutar da ke haddasa mummunan fushi. Ɗigon jini guda ya shiga ido ko baki, cikin ƴan daƙiƙu mutum ya fita hayyacinsa. Bayan kwana 28, wani matashi mai suna Jim, wanda Cillian Murphy ya fito a matsayinsa, ya farfaɗo daga doguwar suma a asibiti ya tarar da Landan wayam. An ɗauki waɗannan wurare ne da sassafe da ƙananan kyamarori, ana tare motoci na ƴan mintoci. A 2002 abin ya zama kamar mafarki. A 2020, lokacin kullen korona, duniya ta ga hotunan birane irin wannan a labaran dare.

Rabin farko na fim ɗin gudu ne da ɓuya. Rabin biyu ne ya sa na saka shi a wannan jeri. Jim da Selena da wata yarinya sun bi sanarwar rediyo har kusa da Manchester, inda wasu sojoji suka yi alkawarin mafaka. Sai da suka shiga aka rufe ƙofa, sannan suka gane abin da kwamandan ya yi wa yaransa alkawari da shi, wato mata. An gudu ba a tsira ba. An yi masa ci gaba a 2007 da kuma 2025, amma na farkon ya isa shi kaɗai.

Idan ana maganar tsoro zalla, babu kamar [REC], fim ɗin Sifaniya na 2007 da Jaume Balagueró da Paco Plaza suka shirya. Wata ƴar jaridar talabijin da mai ɗaukar hotonta sun bi ƴan kwana-kwana aikin dare a Barcelona, aka kira su wani gidan bene don taimakon wata tsohuwa. Kafin su ankara hukumomi sun lulluɓe ginin da leda daga waje, sun hana kowa fita, ba su kuma gaya wa kowa dalili ba. Duk abin da mai kallo ke gani ta cikin wannan kyamarar guda yake ganinsa, kuma fim ɗin bai kai minti 80 ba. A kula da wurin da mazauna gidan suka taru a ƙasa suna neman wanda za su ɗora wa laifi. Nan take ido ya koma kan wani iyali ƴan ci-rani daga Asiya, ana cewa abincinsu ne, tsohonsu ne maras lafiya. Daga baya aka gano cewa cutar ta bi ta kan karen matar da ta fi kowa nuna su da yatsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

World War Z na 2013, da Brad Pitt a matsayin tsohon jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne mafi tsada a wannan jeri, ya kuma tara sama da dala miliyan 500. Ba shi da zurfin waɗanda suka gabata, amma yana da amfani biyu. Na farko, jini kaɗan ne a cikinsa, don haka wanda bai saba ba zai iya farawa da shi. Na biyu, yana nuna annoba daga sama, yadda take tsallake iyakoki da jiragen sama. Wurin da aka fi tunawa shi ne Birnin Ƙudus, inda aka gina doguwar katanga, gawawwaki suka hau kan juna kamar tururuwa har suka haure ta.

Wanda ya fi su duka

In aka ce in zaɓi guda ɗaya, Train to Busan zan ɗauka, wato Dernier train pour Busan, fim ɗin Koriya ta Kudu na 2016 da Yeon Sang-ho ya ba da umarni. Sama da mutum miliyan 11 suka kalle shi a gidajen silima na ƙasar. Seok-woo ma'aikacin hada-hadar kuɗi ne da aiki ya raba shi da iyalinsa. Ƴarsa Su-an ta roƙe shi ya kai ta wurin mahaifiyarta a Busan ranar zagayowar haihuwarta, suka shiga jirgin ƙasa mai sauri daga Seoul. Dab da rufe ƙofa wata budurwa da aka ciza ta faɗo ciki.

Jirgin ƙasa wuri ne da ya dace da irin wannan labari, domin tarago-tarago ne, kowane da ƙofarsa, kuma kowace ƙofa sai an yanke shawara a kanta. Da farko Seok-woo da kansa ya rufe ƙofa a fuskar wani ƙaƙƙarfan mutum da matarsa mai ciki. Da ƴarsa ta tashi ta ba wata tsohuwa kujera, sai ya ja ta gefe ya ce mata a irin wannan lokaci kowa ta kansa yake yi. Can gaba, bayan ya ratsa taragu cike da gawawwaki don ya ceto yarinyar, sai ya isa taragon da sauran masu rai suke, ya tarar su ma sun ɗaure ƙofa, wani attajiri yana zuga su cewa waɗannan sun kamu. Abin da ya shuka shi ya tarar, kuma fim ɗin bai tsaya yi wa kowa wa'azi a kai ba.

Ƴan Koriya sun kalli wannan fim da sabon ciwo a zuciya. A watan Afrilun 2014 jirgin ruwan Sewol ya nutse da mutum 304, yawancinsu ɗaliban sakandare da aka ce su zauna a inda suke, yayin da kyaftin ɗin ya tsira da ransa. Don haka idan aka ga jami'an gwamnati a talabijin ɗin cikin jirgin suna cewa komai lafiya, ƴan kallo sun san da wa ake. Busan kuma ita ce yankin da ya rage a hannun Kudu a farkon yaƙin Koriya a 1950, inda ƴan gudun hijira suka kwarara. Ku tanadi hankici, domin maza da yawa sun share hawaye a ƙarshensa.

Akwai wasu biyu da suka bi wannan hanya ta iyaye da ƴaƴa. Cargo, fim ɗin Ostireliya na 2017, labarin wani uba ne da aka ciza, yana da awa 48 kafin ya juye, yana yawo a daji da jaririyarsa goye a baya yana neman wanda zai karɓe ta. Waɗanda suka fi kowa sanin yadda za a rayu a cikin masifar su ne ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka daɗe suna rainawa. The Girl with All the Gifts na 2016 kuwa, wanda a Faransa aka sa wa suna The Last Girl, ya fara ne a cikin aji, inda ake kawo yara ɗaure a kan kujeru, sojoji na tsaye da bindiga. Yaran suna ɗauke da cutar amma suna tunani, suna karatu, suna son malamarsu. Duk malamin da ya taɓa samun ɗalibin da kowa ya yanke wa ƙauna zai ga kansa a ciki.

Na Afirka da na Faransanci

The Dead na 2010 an ɗauke shi ne a Burkina Faso da Gana. Wani injiniyan sojan Amurka da jirginsa ya faɗi ya haɗu da wani sajan mai neman ɗansa, wanda jarumin Gana Prince David Osei ya fito a matsayinsa, suka kama hanyar arewa a cikin wata tsohuwar mota. Jar ƙasa, kuka, rana tsaka, ƙarancin ruwa da mai, duk mai karatu zai ga kamar bayan garinsu ne. Sai dai ƴan Birtaniya ne suka shirya shi, kuma ganin Bature yana harbin gawawwakin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya yana da ɗaci. A kalle shi da wannan a zuciya.

Ojuju na 2014 na ɗan Najeriya C.J. Obasi ya fi shi kusa da gida. An yi shi da kuɗi kaɗan a wata unguwar talakawa a Legas mai ƙofar shiga da fita guda, kuma cutar daga gurɓataccen ruwan sha ta fito. Jarumin sunansa Romero, don girmama mai gidan. Ya ci kyautar fim ɗin Najeriya mafi kyau a bikin finafinai na AFRIFF a shekarar. Wanda ya taɓa ganin kwalara ta shiga unguwa ba zai ɗauki wannan labari da wasa ba.

Daga Faransa, La nuit a dévoré le monde na 2018 shi ne mafi natsuwa. Wani matashi ya yi barci a gidan biki a Paris, ya farka ya tarar shi kaɗai ya rage a benen. Gawawwakin nan ba sa ko gurnani. Yana tara ruwan sama a bokitai, yana ƙirga gwangwanayen abinci, yana hira da wani zombi da ya maƙale a cikin na'urar hawa bene, domin kaɗaici ya fi yunwa cin rai. Zombi Child na Bertrand Bonello, 2019, ya koma ga labarin Clairvius Narcisse, ya haɗa shi da na wata yarinya ƴar Haiti a makarantar kwana ta ƴan mata kusa da Paris.

Sai kuma Atlantique na Mati Diop, wanda ya ci babbar kyauta ta biyu a bikin Cannes na 2019, ita ce kuma baƙar mace ta farko da fim ɗinta ya shiga babbar gasar. Masu tsaurin ra'ayi za su ce wannan ba fim ɗin zombi ba ne, tunda babu cizo. Amma a duba labarin. Matasa leburori a Dakar sun yi watanni suna gina wani dogon bene ba a biya su ba, suka shiga kwale-kwale zuwa Sifaniya, teku ta cinye su. Da dare sai su dawo a jikin ƴan matan da suka bari, idanu fari fat, su je gidan mai kwangilar su zauna a falonsa suna neman kuɗinsu. Zombin Haiti an tashe shi ne don ya yi aiki ba lada. Na Mati Diop ya tashi da kansa don ya karɓi ladan. Da harshen Wolof aka yi shi, kuma duk garin da ya rasa matasa a hanyar Agadas ko a teku zai fahimce shi ko babu fassara.

Na dariya

Ba duka ne na kuka ba. Shaun of the Dead na 2004 labarin wani malalacin ɗan Landan ne da ya fita sayayya da safe bai ma lura duniya ta tashi ba, domin a ganinsa mutanen unguwar kullum haka suke tafiya. One Cut of the Dead na Japan, 2017, wato Ne coupez pas !, an yi shi da yen miliyan 3 kacal, ya kuma dawo da ninkin kuɗinsa fiye da sau dubu. Minti 37 na farko an ɗauke su ne a jere ba yankewa, kuma za ka ga kamar aikin ƴan koyo ne. Kada ka kashe. Abin da ya biyo baya zai bayyana dalilin kowane kuskure da ka gani, kuma duk wanda ya taɓa zuwa wurin ɗaukar fim ɗin Hausa zai yi dariya har da hawaye. Michel Hazanavicius ya sake yin sa da Faransanci a 2022 da sunan Coupez !, aka buɗe bikin Cannes da shi.

Kafin a kunna

Waɗannan finafinai na manya ne. Alamar nan ta -12 ko -16 da ake gani a kusurwar talabijin a tashoshin Faransanci ba ado ba ce, amma fim ɗin da aka tura a kati ba ya zuwa da ita, kuma waya ɗaya takan zagaya gida daga hannun yaya zuwa na ƙane. A aji malami yakan gane yaron da ya kwana bai yi barci ba. [REC], 28 jours plus tard da Zombie kada a kalle su a gaban yara ko kaɗan. Matashin da ya kai shekara 15 zuwa 16 zai iya kallon Dernier train pour Busan ko World War Z tare da babba, a kuma gaya masa a fili cewa ƙirƙira ce da kwalliyar fuska, mamaci ba ya tashi sai ranar da Allah ya tashe shi.

Akwai kuma dalilin da ya sa suke taɓa mu fiye da yadda masu shirya su suka zata. A wurinmu gawa tana da haƙƙi: a yi mata wanka, a sa mata likkafani, a sallace ta, a kai ta makwancinta da wuri. Fim ɗin zombi yana tilasta wa mutum ya guji gawar mahaifiyarsa. Lokacin cutar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Gine da Laberiya da Saliyo, iyalai sun fuskanci wannan a zahiri, domin taɓa mamaci na daga cikin manyan hanyoyin kamuwa, kuma sai da aka zauna da limamai da shugabannin al'umma kafin a samu hanyar binnewa da mutane suka amince da ita.

Ga wanda zai fara, shawarata ita ce ya soma da Dernier train pour Busan, ya koma baya ya ga La Nuit des morts-vivants don ya san tushen, sannan Atlantique. Idan zuciya ta ɗauka, sai [REC], amma da rana.